Tafin Hannun Inna

Ni na fara ganin abin, kuma da na san inda bakina zai kai shi, da na haɗiye maganata da ruwa.

Da hantsi ne Inna ta shigo shagona da zanenta, tana so in kalmashe mata bakinsa. Da ta miƙo min shi sai idona ya sauka a tafin hannunta na dama. A tudun babban yatsa akwai wani wuri ja, faɗinsa bai wuce murfin kwalba ba. Ya ɗan lotsa, gefensa a tsaye, kamar wani ya sa reza ya kankare fatar sama a hankali ya tsaya.

"Inna, ƙonewa kika yi?"

"Ina fa, Maiɗinki," ta ce tana dariya. "Ya fi wata biyar yana nan. Ba zafi, ba ƙaiƙayi. Akwai ma ƙanensa a tafin ƙafa. Tsufa ne yake sa hannu a takardarsa."

Ban lura surukarta tana tsaye a bakin ƙofa ba, ta zo karɓar rigar 'yarta. Ta dai kalli hannun, ta kalli jaririyar da ke barci a bayan Inna, ta juya ba tare da rigar ba.

Ɗakin gaba na gidan nake haya. Ƙofata tana kallon titi, tagata tana kallon tsakar gida, don haka ko ban so ba sai na gani. Gidan na ɗan Inna ne, direban motar makaranta. A tsakar gidan akwai tanda, kuma burodin da ke fita daga cikinta shi masu shagunan layinmu suke sara. Inna ta kawo sana'ar, ita ta koya wa matar ɗanta, har zuwa ranar ita ke murza kwaɓi. Jaririyar kuwa Kumatu muke ce mata, wata takwas gare ta, kuma in ba a bayan kakarta ba, barci ba ya ɗaukarta.

Kafin la'asar an zubar da kwaɓin da Inna ta murza, baho guda. Ina ji daga taga Maman Kumatu tana cewa, "Inna, ba wai wani abu ba ne. Rigakafi ya fi magani. Ki ɗan huta da kwaɓin har mu ga abin da Allah zai yi."

Washegari ta leƙo shagona ta roƙi ƙyalle ja. Na zaɓo mata daga kwandon ragowa, ban tambaya ba. Da rana na hango shi ɗaure a hannun kofin Inna. Aka ware mata kwano, aka ware mata bokiti da buta. Aka ce ta riƙa shiga wanka bayan kowa ya gama, in ta fito ta watsa maganin kashe ƙwayoyin cuta. Babu wanda ya furta sunan cutar da suke tsoro, amma kowa ya san kuturta ake nufi.

Duk wannan Inna ta ɗauka da wasa. "An mai da ni babbar baƙuwa," take cewa, "komai nawa daban." Ranar da wasan ya ƙare ita ce rana ta uku. Ta goya Kumatu tana jijjiga ta a inuwar katanga, sai ɗanta ya fito daga ɗaki, matarsa tana bayansa.

"Inna, ki sauke yarinyar nan."

"Yanzu barci ya ɗauke ta."

"Na sani. Ki sauke ta dai. Fatar yara ba irin tamu ba ce. Na ɗan lokaci ne."

Inna ta kai hannu za ta kwance majanyi, Maman Kumatu ta yi wuf ta riga ta. Ita ta kwance, ita ta zare 'yarta, don kada tafin ya taɓa ta. Kumatu ta farka ta tsala ihu tana miƙa hannu. Inna ta tsaya da majanyi a ƙugu, ta ce, "Yi shiru, ƙawata, ina nan. Ba inda na je." Daga nan ta shiga ɗaki, ba ta fito ba sai da aka kira ta wanke gwangwanaye.

Wannan aikin kam ba a hana ta ba. Gwangwanayen burodi arba'in da takwas ne, ana gashi sau biyu a rana. Da can su biyu suke wankewa. Yanzu da aka ce Inna ta huta da kwaɓi, sai wankin ya zama nata ita kaɗai, har da tire-tire da bahuna da kayan Kumatu. Da garin sabulu mai cin hannu da soson ƙarfe take kankare maiƙon da ya ƙone. Suka sayo mata safar hannu ta roba, suka ce in za ta taɓa wani abu na gidan ta sa.

Wata rana na kasa haƙuri na tare Maman Kumatu a zaure. "Ni kam ki fahimtar da ni. Hannun da bai isa ya taɓa yarinya ba, ya aka yi ya isa wanke gwangwanin da ake zuba abincin mutane?"

Ko gezau ba ta yi ba. "Haba Yaya, ai gwangwani wuta yake shiga. Wuta kuwa babu abin da ba ta kashewa. 'Yata zan saka a tanda?"

Kuma bari in faɗi gaskiya tunda na ɗauko ta: ni ma ranar da Inna ta ari almakashina ta yanke zare, sai da na jira ta fita na goge shi da kananzir. Tsoro ba ya neman izini, kuma ni ban fi su tsarki ba.

Safar ba ta yi sati biyu ba soson ƙarfe ya huda ta. Ruwan sabulu yakan shiga ya kwanta a ciki, ya jiƙa wurin nan mai laushi tun safe har azahar. Abin da ta ce ba zafi ba ƙaiƙayi ya fara raɗaɗi. Gefensa ya tsattsage. Na tafin ƙafar ma haka, don kullum tana tsaye a jiƙaƙƙen siminti. Ta koma taka gefen ƙafa kamar mai tsoron ƙaya. Su kuma da suka ga ya ƙara ja sai suka ce, "Kin gani ko? Yaɗuwa yake yi."

Ranar da na ga sawun jini daga wurin wanki zuwa ƙofar ɗakinta, na rufe shago na ce ta ɗauko mayafinta. Ɗanta ya ce ba shi da lokaci, makaranta ba ta jira. Muka tafi mu biyu.

Sau biyu muka je asibiti. A zuwan farko likitar fata ta kama hannun Inna da nata hannun, babu safa, ta juya shi tana dubawa da wani ɗan gilashi mai fitila. Na ga Inna tana ƙoƙarin janyewa.

"'Yata, kada ki ɗauka."

"Mama, bar min hannun. Ba na jin akwai abin ɗauka."

Ta yanki ɗan mitsitsin fata ta ce mu dawo bayan sati biyu. Da muka dawo ta zaunar da mu ta yi bayani dalla-dalla. Ta ce ba kuturta ba ce, ba ta kusa da ita ma. Fatar tafi tana da kauri a samanta, a wannan wurin ne kawai kaurin ya ragu. Abu ne da ba a cika gani ba, ita ma sau biyu ta taɓa cin karo da shi. Ba a ɗaukarsa a kwano, ba a ɗaukarsa a gaisuwa. Yakan daɗe, wani ma ba ya tafiya, kuma tana so ta riƙa duba shi lokaci-lokaci.

"Jikata fa?" Inna ta tambaya. Wannan kaɗai ta zo ji.

"Ki goya ta, ki yi mata wanka, ki ba ta abinci a baki. Abin da na hana ki ɗaya ne: sabulu mai ƙarfi, da soson ƙarfe, da daɗewa a ruwa. Wurin ba shi da garkuwa, su suke farfasa shi."

Ta rubuta duka a takarda ta buga hatimi. A hanyar dawowa Inna ta tsaya ta sayi ƙaramar kacau-kacau. Ƙafa na ciwo amma ni ke bin ta a baya.

Mun tarar da ɗanta, Direba, a ƙofar gida yana wanke motar makaranta. Na ba shi takardar. Ya goge hannu a wando ya karanta. Da farko fuskarsa ta saki, na gani da idona. Da ya iso layin ƙarshe sai ta sake ɗaurewa. Ya ninke takardar huɗu ya sa a aljihu.

"Alhamdulillahi," ya ce. "Amma Yaya, likita ɗaya ce fa. Ita da bakinta ta ce sau biyu ta taɓa gani. Wanda ya ga abu sau biyu ya san shi ke nan?"

"Awo aka yi, Baban Kumatu. Ba duba aka yi mata ba."

"Na ji. To masu shago fa? In sun ga hannun nan a cikin kwaɓi, takarda zan riƙa bi ina karanta musu ɗaya bayan ɗaya?"

"Bar kwaɓin. Yarinyar fa? Wankin fa?"

Ya ɗauki tsummansa ya koma kan gilashin mota. "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita Maman Kumatu ba za ta iya kwaɓi da gashi da wanki ita kaɗai ba. Za mu duba. Ki bar mana maganar gidanmu, don Allah."

A nan na gane. Takardar abu biyu ta faɗa, kuma ba za su iya karɓar na farko su ƙi na biyu ba. In sun yarda hannun Inna lafiyarsa lau, dole su yarda wanki ne ke cinye shi. Gara musu hannun ya zauna da cutarsa, gwangwani ya fita fes.

Matarsa ta fi shi gajarta zance. "Likita ba ita ta yi min naƙuda ba. Ranar da wurin ya rufe, wallahi da kaina zan ɗora wa Inna yarinyar a baya." Ta san sarai an ce wurin ba lallai ya rufe ba.

Ni kuma na bar maganar a nan, na koma kan ɗinkina. Shagon a gidansu yake, masu kawo min ɗinki sun san ƙofar. Na ce wa raina na yi iyakar nawa.

Inna ba ta iya karatu ba, kuma mai shakkar takardar ɗanta ne. Kwana kaɗan sai ga ta tana ce min, "Maiɗinki, in kuma yarinyar nan likita ta yi kuskure fa? In wani abu ya fito wa Kumatu, da wane ido zan kalle su?" Kacau-kacau ɗin ma sai da aka wanke ta da ruwan zafi kafin a ba yarinyar.

Haka watanni suka yi ta tafiya. Kumatu ta yi rarrafe, ta kama tsayuwa, ta fara taka ƙasa. Inna tana ganin komai daga bakin baho. Takan yi mata waƙa daga nesa. In abin wasanta ya gangaro wurin wanki, da muciya take tura mata shi. Ta rame, ta rage magana, ta daina zolayata da cewa ɗinkina ya fi kyau daga nesa. Ni da nake jin haushin zolayar sai na koma kewarta.

Sau ɗaya ta karya doka. Kumatu ta yi tuntuɓe a dokin ƙofa za ta kifa, Inna ta cafe ta da hannu tsirara. Abin da ya biyo baya har yau ban manta da shi ba. Maman Kumatu ta tuɓe yarinyar a tsakar gida ta dirje ta da sabulun magani, yarinya tana ihu har muryarta ta dushe, Inna tana tsaye tana kallo. Da Direba ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakin uwarsa.

"Inna, me ya sa kike so ki haɗa ni faɗa da iyalina? Abu ɗaya tak muka roƙe ki."

"Faɗuwa za ta yi."

"Yara suna faɗuwa su tashi. In kin ga wani abu ki kira uwarta. Ko ki sa safa. Don girman Allah, kada ki ƙara."

"Ba zan ƙara ba," in ji Inna. "Na yi maka alkawari. Ba za a sake dirje ta saboda ni ba."

Bayan sati uku, wata Talata da azahar, Maman Kumatu ta fito da gashi na biyu. Ta jera gwangwanaye a kan ɗan gajeren benci su huce, kamar kullum. Sai wani mai shago ya yi sallama, ta fita zaure. Ina kan keken ɗinki, ina ganin tsakar gida. Inna tana zaune a bakin baho, ta cire safar ta rataye a bakin bokiti tana hura wa tafinta iska. Kumatu ta fito daga ɗaki tana tangaɗi, ƙamshi ya ja ta, ta nufi benci.

Taku biyu ne tsakanin Inna da yarinyar. Na ga ta zabura, na ga hannunta ya miƙe har ya kusa kama rigar. Sai ya tsaya a iska. Ta janye shi, ta ƙwala wa surukarta kira, ta juya ta fizgi safar. Duka bai fi ƙiftawar ido biyu ba. Kumatu ta dafa gwangwani da hannu bibbiyu.

Ban san lokacin da na zagaya na shigo ba. Na tarar Inna ta yar da safar, ta rungumi yarinyar, ta tsoma hannayenta a randar ruwan sanyi tana salati. Maman Kumatu ta shigo da gudu ta fizge 'yarta.

"Kin taɓa ta!" ta ce. Sannan ta ga tafin yarinyar, ta saki ƙara. "Kina zaune a nan! Kina kallo! Me ya hana ki riƙe ta?"

A numfashi ɗaya ta faɗi duka biyun, kuma ba ta ji kanta ba. Inna ta zauna a jiƙaƙƙen siminti kawai.

Kwana tara Kumatu ta yi a asibiti. An ce yatsun za su yi aiki, amma tabon zai zauna. Masu zuwa jaje suna tambaya ya aka yi, ina jin Direba yana cewa, "Tsufa ne. Inna ba ta da hanzari kamar da." Ranar na buɗe baki a gaban baƙinsa. Na ce ba tsufa ba ne, hannunta ya riga ya isa, ku kuka mai da shi baya. Na faɗi maganar takarda, na faɗi maganar wanki. Ya ce in ji tsoron Allah, yanzu lokacin tone-tone ne? Baƙi suka ce a yi haƙuri, ƙaddara ce. Gaskiyata ta zo a makare, kamar ruwan da aka kawo bayan gobara ta ci ɗaki.

Da suka dawo gida, aiki ya taru. Masu shago suna ta aike. Kumatu da hannaye a naɗe ba ta yarda a ajiye ta, kuma ba a murza kwaɓi da goyo mai kuka. A safiya ta biyu Maman Kumatu ta fito da ita a kafaɗa, ta tsaya a kan Inna da ke bakin baho.

"Inna, ɗan riƙe min ita in zuba kwaɓi. Ai likita ma ta ce ba ya yaɗuwa."

Haka ta faɗa, kamar jiya aka kawo takardar. Babu ban haƙuri, babu kunya. Ba ta kuma ce a bar wankin ba, gwangwanaye suna nan a jibge suna jira. Dokar da ta yi wata bakwai tana cin tsohuwa, ranar da ta tsaya wa kwaɓi a hanya sai ta faɗi ba ko ƙara.

Kumatu ta ga kakarta ta karkato, ta miƙo naɗaɗɗun hannayenta. Abin da Inna ta yi wata bakwai tana roƙon Allah ke nan. Na tsayar da keke ina jira.

Inna ta miƙe a hankali. Ta ɗago hannayenta. Ta kai su rabin hanya, suka ƙi ƙarasawa. Ta sake gwadawa. Sannan ta mai da su bayanta ta harɗe.

"Karɓe ta mana, Inna, kwaɓi zai wuce."

"Ba zan iya ba, 'yar nan."

"Na ce ba komai. Na yarda."

"Na ji kin yarda," Inna ta ce, hawaye yana bin fuskarta. "Hannun ne bai yarda ba. Ranar da take neman sa bai je ba. Kun koya masa, ya kuma iya."

Maman Kumatu ta ja tsaki ta ce tsohuwa ta fara rikicewa, ta kawo min yarinyar shago. Na karɓe ta, don ban san abin da zan yi ba in ban karɓa ba.

Mutane suna cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A gidan nan bai ruɓe ba, suna da shaida a rubuce, kuma ba su yar ba don suna da aikin da zai yi musu. Cutar Inna faɗin murfin kwalba ce, ba ta taɓa kama kowa ba. Abin da ya ƙona Kumatu a bakin iyayenta ya fito, ni kuma ina taga ina kallo yana girma.

Kumatu tana cinyata tana kuka tana leƙen taga, tana kiran kakarta. Inna ta juya mana baya, ta zauna, ta jawo gwangwani na farko.